Ɗan littafin likitan Masar ko tubalin ɗan Rasha?

Malama, kin ce ƙanenki da ke karatu a jami'a nan Katsina ya fara yi miki tambayoyin da sai kin tashi kin tura ƙofa kafin ki amsa, kuma mutum biyu a zauren nan sun ba ki shawara daban-daban. Ɗaya ya ce ki nema masa Hiwar ma'a Sadiƙil Mulhid na Mustafa Mahmud, wato hira da abokina mulhidi, wanda bai yarda da samuwar Allah ba. Ɗayan ya ce a'a, ki ba shi labarin 'yan'uwa Karamazob na Dostoyebski. Kika tambaya wanne ya fi. Na karanta duka biyun, kuma na taɓa ba wani yaro ɗaya daga cikinsu ya dawo mini da shi, don haka ina da ta cewa.

Shekara ɗari cif ce tsakanin haihuwar marubutan, ɗan Rashan 1821, ɗan Masar ɗin 1921. Dukansu sun ɗanɗani kokwanto kafin su zauna a kan imani, Mustafa Mahmud a Musulunci, Dostoyebski a Kiristancin Rasha. Mustafa Mahmud likita ne. A shekarun 1950 ya fitar da wani littafi da hukuma ta ƙwace saboda abin da aka gani a ciki, daga baya ya dawo hanya, ya yi shekaru yana gabatar da shirin Al-Ilmu wal-Iman a talabijin, ya gina masallaci haɗe da asibiti a Alƙahira. Ya rasu a 2009. Shi kuwa Dostoyebski, a 1849 an tsayar da shi a fili za a harbe, sai a daƙiƙar ƙarshe aka karanto sassauci, aka tura shi kurkuku a Saiberiya shekara huɗu. A 1878 ɗansa ɗan shekara uku ya mutu da farfaɗiya, kuma sunan yaron nan, Alyosha, shi ya sa wa autan 'yan'uwan a labarin da ya fito tsakanin 1879 da 1880. Ki riƙe wannan, don shi ne gishirin littafin.

Littafin likitan ƙarami ne, za ki iya gama shi tsakanin azahar da isha'i. Tsarinsa tambaya da amsa. Abokin ya yi digirin digirgir a Faransa, ya dawo yana izgili. Ya fara da tambayar da kowane mulhidi ke farawa da ita: in komai yana da mahalicci, wa ya halicci Allah? Likita ya ce masa dokar sababi doka ce ta halittu, masu zama cikin lokaci da wuri, ba a ɗora ta kan wanda ya kafa ta. Daga nan ƙaddara, me ya sa za a hukunta ni kan abin da aka rubuta mini, sai wanda Alƙur'ani bai riske shi ba, sai zancen 'yan gurguzu cewa addini banju ne da ake ba talaka, sai batun mata, sai ruhi. Kowace tambaya ta shigo, an tare ta, an sallame ta. Ga yaron da ya kwaso shubuharsa daga Facebook da YouTube, wannan ya wadatar, har da saura, domin tambayoyin da ake yawo da su a waya yau su ne dai na wancan lokaci, riga kawai suka sake.

Inda nake da ƙorafi shi ne, abokin nan ba mutum ba ne, ɗan tsana ne. Likita ne ke sa masa magana a baki, kuma bai taɓa sa masa wadda ta fi ƙarfin amsarsa ba. Kamar damben da mutum ɗaya ya ɗaure wa 'yan wasa biyu zare, ya kuma yi alƙalanci. Sannan yana da son jawo kimiyyar zamani ya jingina da ayoyi, abin da malama Bintus Shaɗi'i ta yi masa raddi a kai tun yana raye. Kimiyya kuwa tana sake magana, kuma wanda ya ɗaure imaninsa da ita zai sha wuya ranar da ta sake.

Ɗan Rashan bai yi wa kansa wannan sauƙin ba. Littafinsa tubali ne, ya haura shafi 700 a fassarar Turanci, akwai kuma fassarar Larabci ta Sami Durubi ɗan Siriya. Labarin kisan wani uba ne marar mutunci da zargin da ya faɗa kan 'ya'yansa. Amma abin da ake zuwa nema yana wani babi inda Iban, ɗan boko mai kaifin kai, ya zaunar da ƙanensa Alyosha, almajirin wani dattijon waliyyi mai suna Zosima, a gidan abinci. Iban bai ce babu Allah ba. Ya ce ya yarda da Shi, duniyar da Ya halitta ce bai karɓa ba. Sai ya shiga jero labaran yara. Akwai na wani janar mai karnukan farauta. Wani yaro ɗan shekara takwas, ɗan bayinsa, ya jefa dutse ya ji wa karen da janar ya fi so ciwo a ƙafa. Aka kulle yaron ya kwana, da asuba aka tuɓe shi tsirara, aka ce ya ruga, aka sakar masa karnuka suka yayyaga shi a gaban uwarsa. Iban ya dubi ƙanensa ya ce, me ya dace da janar ɗin? Alyosha, mai tsoron Allah, mai haƙuri, bai san sanda ya ce a harbe shi ba. Sai Iban ya ce in hawayen yaro ɗaya ne kuɗin shiga wannan daidaito da ake alkawari a ƙarshe, to shi cikin ladabi yana mayar da tikitinsa.

Na ajiye littafin a nan lokacin da na fara karanta shi, na fita na zagaya unguwa.

Likitan ma ya taɓo batun sharri. Ya ce ba don cuta ba da ba a san lafiya ba, 'yancin zaɓi ba ya yiwuwa sai da yiwuwar ɓarna, kuma duniya fitowa ɗaya ce a wasa mai fitowa da yawa, ba a yanke hukunci kafin a ga ƙarshe. Magana ce daidai, ita malamanmu ke faɗa. Sai dai akwai wanda za a gaya wa ita ta shiga, akwai wanda za ta zame masa gishiri a gyambo.

Shekarun baya ina da wani ɗalibi daga wani ƙauye a yammacin jihar nan, ɓangaren da 'yan bindiga suka addaba. An shiga garinsu da dare, ƙanwarsa na cikin waɗanda ba su tsira ba. Ya dawo makaranta yana sallah kamar kowa, amma wata rana muna zaune ƙarƙashin bedi wajen mai shayi, ya jira kowa ya watse, ya ce da ni, Malam, ita me ta yi? Na rasa ta cewa, washegari na miƙa masa ɗan littafin likitan. Bayan kwana biyu ya dawo da shi cikin baƙar leda, bai ko lanƙwasa shafi ba. Na ce ya ka gani? Ya ce, Malam, abokin nan nasa ba a taɓa kashe masa kowa ba.

Dostoyebski an kashe masa, ko a ce an ɗauke masa, shi ya sa bai amsa wa Iban da hujja ba. Ya amsa da rayuwar dattijo Zosima, da Alyosha yana tara yaran unguwa a gefen gadon wani yaro da ke mutuwa, da kuma yadda tunanin Iban ya koma ya cinye shi: wani da ya saurari falsafarsa ta cewa in babu lahira komai halas ne ya ɗauke ta da gaske ya aikata kisa, Iban kuma ya ƙare cikin zazzaɓin ƙwaƙwalwa. Marubucin da kansa ya rubuta wa wani babban jami'i cewa yana fargabar ko amsar tasa ta isa. Kuma gaskiya masu karatu da yawa sun fito daga littafin suna tare da Iban, musamman waɗanda suka karanta babin nan kaɗai suka tsaya. Wannan hatsari ne na gaske, ba zan ɓoye miki ba. Ga kuma amsar an gina ta kan aƙidar Kirista, wadda ba tamu ba.

Don haka kafin ki sayi ko ɗaya, ki gano daga ina tambayar ƙanenki ta taso. In daga kai ne, daga gardamar ɗakin kwanan ɗalibai, ki ba shi na likitan, ki haɗa masa da Munƙiz na Imam Gazali, wanda ya faɗa da bakinsa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka kafin Allah Ya jefa masa haske a ƙirji. Yaro ya ga babban malami ya bi ta nan ya fita, ya fi masa hujja goma. In kuwa daga ciki ne, akwai wani rashi ko wani zalunci da ya gani, to Karamazob ɗin ke za ki karanta, ba shi ba, don ki ji yadda irin wannan kuka yake kafin ki yi gaggawar toshe shi da amsa.

Kuma don Allah kada ki kai maganarsa gaban dangi ko ki bari ta hau waya. Kin san garinmu, kalmar mulhidi in ta manne wa mutum ba ta fita da wanki. Tambaya ba ridda ba ce. A Sahihu Muslim sahabbai sun zo suna cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Yaron da ya zaɓi yayarsa ya gaya wa, bai tafi ko'ina ba tukuna.

Na likitan yana nan wurina, har yanzu cikin ledar da aka dawo da shi. Ki aiko yaro Ƙofar Ƙaura bayan la'asar ya karɓa. Na ɗan Rashan kuwa an ara tun bara, ina ta bin sawu.