Na ajiye rawutar kamfani na kafa mesh: abin da ya gyaru da wanda bai gyaru ba

Rawutar da kamfanin intanet ke kawowa, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi a gida, ba ta da wani laifi idan kana zaune a gabanta. Laifin yana wurin da ake ajiye ta. Ma'aikacin ya zo, ya duba inda kebul zai fi sauƙin shigowa, ya huda bango, ya manna akwatin a wata kusurwa, ya gwada da wayarsa yana tsaye dab da shi, ya ce komai lafiya, ya kama gabansa. Sauran gidan kuma ya ji da kansa. A wurina falo sabis cike yake, ɗakin kwana sai lallaɓawa, a saman bene kuwa alamar Wi-Fi tana nan a waya amma shafi ya ƙi buɗewa, kiran bidiyo kuma fuskar mutum ta daskare bakinsa a buɗe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin rawutoci suna watsa sabis a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon yana ratsa bango ya yi nisa, amma ba shi da sauri, ga cunkoso: tashoshi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma kai da maƙwabtanka duk a nan kuke, har da Bluetooth da na'urar ɗumama abinci. Na biyun yana da gudu, sai dai bangon kankare mai rodi a ciki yana karya shi nan da nan. Idan ya ratsa rufin kankare ya kai bene, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Kafin mesh, wato rukunin na'urorin da ke raba Wi-Fi a ko'ina cikin gida, na gwada 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a soket ta maimaita sabis. Sandunan alamar Wi-Fi a waya sun cika, gudu ya faɗi. Da rediyo ɗaya take saurare kuma da shi take maimaitawa, don haka kusan rabin gudun yana tafiya a hanya. Ta kuma zo da nata sunan daban, sai ka riƙa sauya netwok da hannu duk lokacin da ka hau bene.

Mesh na'urori ne biyu ko uku da ke aiki a matsayin netwok guda, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Ɗaya ce uwa, ita ke haɗe da layin kamfani, sauran suna karɓa daga gare ta suna rarrabawa. Kasuwar cike take: akwai Eero, wanda Amazon ta saya a 2019, akwai Deco na TP-Link, Orbi na Netgear, ZenWiFi na Asus, da Nest Wifi na Google. Ni na ɗauki mai guda uku, na ƙarnin Wi-Fi 6, wanda aka fara ba wa na'urori shaidarsa a 2019. Na ga masu Wi-Fi 6E da ke amfani da zangon 6 GHz, da Wi-Fi 7 da ya fito a hukumance a farkon 2024, na wuce su. Babu waya ko kwamfuta a gidana da ta san wannan zangon, kuma ba kowace ƙasa ce ta ba da izinin amfani da shi ba.

Haɗawar ba ta da wuya. Ka sauke manhaja, ka nuna wa kyamarar waya lambar da ke ƙasan na'urar, ta yi sauran. Dabara ɗaya da ta rage mini wahala: na ba sabon netwok ainihin suna da kalmar sirrin tsohon, harafi da harafi, sannan na kashe Wi-Fi na akwatin kamfani. Talabijin, firinta, wayoyin mutanen gida, duk suka hau da kansu ba wanda ya zo yana tambayata me ya faru.

Inda aikin yake shi ne abin da za ka yi da akwatin kamfanin. Mutane da yawa suna ɗauka cire shi za a yi a jefa a kwali. Sau da yawa ba zai yiwu ba, domin ba rawuta kaɗai ba ce. Idan layinka na fiba ne, akwai sashen da ke mayar da haske zuwa siginar da kwamfuta ke ganewa, ana ce masa ONT, kuma wasu kamfanoni suna haɗa shi da rawutar a akwati guda da aka yi wa rajista da layinka. Ka cire shi, ka cire intanet ɗin gaba ɗaya. Haka idan wayar tebur ko tashoshin talabijin ta cikinsa suke bi.

To idan ka bar shi ka jona uwar mesh a bayansa kawai, intanet zai zo, amma ka tara shugabanni biyu a gida ɗaya. Kowanne yana raba nasa adireshin, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, kowanne yana yin nasa NAT, wato ɓoye na'urorin gida a bayan adireshi guda. Mai karanta labarai da kallon bidiyo ba zai lura ba. Mai wasan gem da wasu ta intanet, ko mai son leƙa kyamarar gida daga waje, shi zai sha mamaki. Abin da ya fara nuna mini shi ne firinta: tana jone da kebul a akwatin kamfani, kwamfutata tana kan mesh, suna ɗaki ɗaya amma a rukunin adireshi daban-daban, sai da na mayar da kebul ɗin bayan uwar mesh aka daina neman ta.

Mafita uku ce. Ko ka sa akwatin kamfani a yanayin gada, wanda a shafin saiti aka fi rubuta shi da Bridge, ya zama mai miƙa layi kawai, mesh ta riƙe ragamar komai. Ko ka bar masa shugabancin, ka sa mesh ta zama mai watsa Wi-Fi zalla, sai dai a nan wasu abubuwan da ka biya kuɗi dominsu, kamar taƙaita wa yara lokaci, sukan daina aiki. Ko kuma, idan ONT ɗinka daban yake, ka cire rawutar ka jona mesh kai tsaye, amma sai kamfani ya ba ka sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE, wani tsarin shiga layi, idan da shi yake aiki, wani lokaci har da lambar VLAN, wadda ke ware hanyar intanet a cikin layin. Ni ta farko na bi. A shafin akwatina an kulle wurin, sai da na kira su. Wanda ya fara ɗauka ya ce in kashe in kunna. Na ce masa, ranka ya daɗe, ba lalacewa ya yi ba, gada nake so a buɗe mini. Sai da aka miƙa ni ga sashen injiniyoyi, su kuwa cikin ɗan lokaci suka yi daga can.

Wani abin lura: idan bayan duk wannan adireshin da mesh ta samu daga waje ya fara da lamba tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ne ya haɗa ka da wasu kwastomomi a adireshi guda. Wannan CGNAT ne, babu saitin da za ka taɓa a gida ya warware shi.

Sai wurin ajiya, wanda a ganina ya fi tsadar na'urar muhimmanci. Hankali yana ba mutum ya kai ta biyun ɗakin da babu sabis. Amma ita ma sabis take nema daga uwar, idan ta samu ragowa, ragowar za ta raba maka, sandunan waya a cike, gudu babu. Wurinta shi ne tsakiya, inda sabis ɗin uwar bai riga ya mutu ba. Tawa tana bisa wata kanta a saman matakala, a sarari, nesa da madubi da bayan talabijin. Ta ukun, wadda ke karɓa daga ta biyu, ita ce ta fi rauni, domin kowane tsalle ta iska yana cin wani abu. Wasu mesh masu zango uku suna ware ɗaya don hirar na'urorin da junansu, shi ya sa suka fi tsada.

Abin da ya sauya komai shi ne kebul. Na ja Cat6 daga uwar zuwa ta saman, ta bi gefen matakala a cikin 'yar robar rufe waya. Kebul irin wannan yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100 ba tare da gajiya ba. Daga ranar, gwajin gudu a sama da na falo suka zama kusan abu ɗaya. Duk wanda zai iya jan waya, ya sayi mesh mai araha ya ja, zai fi wanda ya sayi mai tsada ya bar ta a iska.

Yawo da waya a cikin gida ya gyaru ƙwarai. Ina fara kira a ƙasa in ƙarasa a sama bai yanke ba. Ka dai sani cewa wayar ce ke yanke shawarar sauya na'ura, mesh tana ba ta shawara ne ta ƙa'idojin 802.11k da v da r. Sababbin wayoyi suna ji. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a gidan da ke maƙale wa na'urar ƙasa ko an kai ta sama, sai an kashe mata Wi-Fi an kunna.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba suna nan. Manhajar ta ƙi barina in saita komai sai na buɗe asusu da imel, abin da tsohon akwatin bai taɓa nema ba. Wasu fasalolin tsaro an ɓoye su bayan biyan kuɗin wata-wata, bayan ka riga ka sayi na'urar. Ramukan kebul biyu ne kacal a bayan kowace, dole na ƙara 'yar na'urar rarraba layi. Ƙananan kaya masu 2.4 GHz kaɗai, irin su soket da ƙwan fitila masu Wi-Fi, sun ba da wahala wajen haɗawa tunda mesh ta haɗe zangunan a suna ɗaya, kuma wata kyamara ta ƙi hawa sam sai da na sauko da tsaro daga WPA3, wanda ya fito a 2018, zuwa haɗakarsa da WPA2. Kar kuma ka sa ran haɗa na'urar wani kamfani da ta wani. Akwai ƙa'idar EasyMesh tun 2018 don wannan, amma ba kowa ya bi ta ba.

Gudun da kake saye daga kamfani kuwa yana nan yadda yake. Mai biyan megabit 50 ba zai ga 51 ba don ya kafa mesh, kuma ranar da layinsu ya faɗi, na'urori ukun za su haska jar fitila tare. Mai ƙaramin gida hawa ɗaya ya fara matsar da rawutarsa tsakiyar gida, ya ɗaga ta sama, wataƙila ya huta da kashe kuɗi. Mai bene ko bangon kankare da yawa, na ba shi shawara ya saya, guda biyu ma sukan isa, ya ƙara ta uku in ya ga buƙata. Wanda kuma ya samu cire rawutar kamfani gaba ɗaya, ya adana ta da cajarta, domin yawanci aro ce za a nema ranar rufe layi, kuma idan matsala ta taso sukan ce a mayar da ita kafin su duba daga ɓangarensu.