Allurar maƙogwaro ko tiyata? Abin da muka zaɓa wa yayata

Yayata malamar Islamiyya ce a nan Garwa ta Kamaru, shekara uku muryarta na sarƙewa kamar an shaƙe mata wuya, ta fara sallama sai kalmar ta tsinke a tsakiya, amma abin mamaki in tana dariya ko raɗa muryar fes take fita. Mutane suka ce iska ne, aka yi ta hayaƙi. Ashe ciwo ne na jijiya da likitoci ke kira spasmodic dysphonia, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙon da bai dace ba sai tsokar maƙogwaro ta riƙa ɗaurewa, kuma ya fi kama mata.

Zuma da citta dai ku bar su wa mura. Koyon sarrafa murya wajen ƙwararre yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya kai ko'ina. Tiyata akwai, sai dai in an yanka jijiya an yanka ke nan, ni ban yarda a fara da ita ba.

Allurar botulinum, wato maganin da ke sassauta tsokar da ke ɗaurewa, ita ce zaɓina, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1984 Dakta Andrew Blitzer da Mitchell Brin suka fara yin ta a New York. Likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, shi ne ke soka siririyar allura ta gaban wuya har cikin tsokar, da na'urar EMG da ke yin ƙara in an taɓa wurin daidai, minti kaɗan an gama. Mu sai da muka bi jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde kafin aka yi mata. Bayan kwana biyu zuwa uku allurar ta fara aiki, kusan sati biyu muryar Yaya tana fita da iska-iska, ruwa ma sai ta kurɓa a hankali don kar ta ƙware, daga nan wallahi ranar da ta karanta Fatiha ba tsinkewa Inna kuka ta yi. Amma ku sani ba warkewa ba ce, wata uku zuwa huɗu sai an koma, ku lissafa kuɗin mota tun yanzu.

Iri uku aka fi sani, Botox da Dysport da Xeomin. Biyun farko sai firij, Xeomin na Jamus kuwa in ba a buɗe ba yana jure har digiri 25, to mu da zafin Afrilu ke wuce 40 ga ɗauke wuta, shi ya fi kwanta min. Awonsu ba ɗaya ba ne, likita kaɗai ke juya lissafin.

Yanzu ga inda aka cuce mu. Wani a WhatsApp mai gyaran fuskar amare ya ce zai yi mata a gida da araha, muka tura kafin alƙalami, ya zo da kwalba cike da ruwa a kular ƙanƙara. Botox na gaske a bushe yake zuwa, kwalbar kamar ba komai ciki, a gabanka likita ke haɗa shi da ruwan gishiri. Allah ya taimake mu Yaya ta ƙi, kuɗin dai sun tafi. Ko a Amurka a 2024 jabun Botox ya kwantar da mutane a asibiti, bare mu. Wannan fa dafi ne, kusa da hanyar numfashi ake zuba shi. Ku nemi ganin kwalbar a rufe, ku duba lambar kamfani da ranar lalacewa, ku tambayi likitan mutum nawa ya taɓa yi wa a maƙogwaro, ba a goshi ba.