Summoning, Emperor ko Bal-Sagoth: Wanne Za Ka Fara Saya?

Kuɗina na farko a harkar sayen kundayen kiɗan metal asararsu na yi, ko in ce haka na ɗauka a lokacin. Wani abokina ne ya kunna min waƙa ɗaya ta wata ƙungiyar makaɗan Turai mai suna Summoning a wayarsa, wani dare cikin hunturu muna zaune a ƙofar gida. Ganguna na takawa a hankali kamar rundunar da ta kwana bisa hanya, ƙaho na amsawa daga nesa, can ƙasa kuma wata murya na ƙaraji kamar mai magana daga cikin rijiya. Ban tambayi sunan kundin ba. Da na tashi saye sai na ce bari in faro daga tushe, na yi odar kundinsu na farko, Lugburz, na 1995. Bayan makonni ya iso. Ina sakawa sai ga wani abu dabam: ganga na gudu kamar an koro ta, jita na ƙara kamar injin markaɗe, ƙahon da na biya kuɗi dominsa kuwa ba ko ɗuriyarsa. Ashe a wancan kundin ba su riga sun gano hanyarsu ba.

Turawa na kiran wannan kiɗa symphonic black metal, da wannan sunan za ka neme shi a intanet, amma mu ce masa baƙin metal mai kibod don sauƙi, kibod kuwa ita ce na'urar kiɗan nan mai madannai kamar piyano. Ya yi ƙarfi ne a Turai, musamman Norwe, a farkon shekarun 1990. Kayan haɗinsa uku ne kusan ko'ina: murya mai ƙaraji, jitar lantarki da ake kaɗawa da sauri har sautin ya narke ya koma kamar iska, sai kibod mai kwaikwayon ƙaho da goge da 'yan amshi. Duk bambancin da zai sa ka ji daɗin kuɗinka ko ka yi cizon yatsa yana cikin tambaya ɗaya: a ina aka ajiye kibod ɗin? Wasu shi ne limaminsu, wasu a sahun baya suka bar shi.

Summoning su ne masu sa shi gaba. Mutum biyu ne daga birnin Viyana na Ostiriya, Silenius da Protector, sun kafa ƙungiyar a 1993 tare da wani mai ganga, kuma kamfanin Napalm Records ne ke fitar da kundayensu. Tun daga kundi na biyu, Minas Morgul, wanda shi ma a 1995 ya fito, suka rabu da mai ganga suka koma tsara gangunan da na'ura. Wani zai ɗauka ragi ne, alhali nan sirrin yake. Gangar tasu ba ta tsere, tambari ne mai nauyi da ke maimaita bugu ɗaya har ya shiga ƙirjinka. Karin waƙa ɗaya sai su riƙe shi minti takwas ko goma, suna ɗora masa wani abu a kowane zagaye, yanzu sarewa, an jima ƙaho, can kuma amshi. Wanda ya taɓa tsayawa a hawan sallah ya ji yadda tambura da kakaki ke tahowa tun kafin a hango dawakai zai gane irin jan ran da nake nufi. Ba sa hawa dandamali su yi wasa a gaban jama'a, don haka kada ka ɓata lokaci neman bidiyon casunsu.

Duniyarsu ta marubucin nan ce na Ingila, J.R.R. Tolkien. Lugburz sunan hasumiyar Sauron ce, babban mugun labaransa, a harshen da Tolkien ya ƙirƙira wa mutanen Mordor, ƙasar Sauron ɗin, Minas Morgul da Dol Guldur kuma garuruwan mugaye ne a labaransa. Baitoci da yawa daga waƙoƙin da ke cikin littattafansa suka ɗebo su. Idan ka karanta The Lord of the Rings, ko ka kalli finafinansa uku da suka fito tsakanin 2001 da 2003, to ka riga ka san ƙasar da za a kai ka.

To wanne daga cikin kundayensu takwas? Nan ne masoyansu ke raba gari. Tsofaffin hannu Minas Morgul da Dol Guldur, kundinsu na uku, suke rantsuwa da su, kuma suna da hujja, amma sautin kibod ɗin wancan lokacin siriri ne, sabon kunne zai iya jin sa kamar kiɗan tsohon wasan kwamfuta. Stronghold na 1999 shi ne wanda jita ta fi fitowa fili a cikinsa, waƙoƙinsa sun fi saurin kama mutum, har akwai guda da mace ta rera da murya garau ba ƙaraji. Let Mortal Heroes Sing Your Fame na 2001 ya fi kowanne ƙaho da alfahari. Oath Bound na 2006 kuwa shi ne dogon zango: a ciki akwai waƙar da aka rera gaba ɗaya da harshen Mordor, kuma ya rufe da wata da ta haura minti 12, inda amshi ke ɗaukar ragama a ƙarshe. Ita ce abokina ya kunna min a daren nan, daga baya na gano. Ni dai in aka ce kundi ɗaya tak za a saya, Stronghold zan miƙa wa baƙo, Oath Bound kuma ya biyo baya idan kunne ya saba. Na baya-bayan nan, Old Mornings Dawn na 2013 da With Doom We Come na 2018, ba su da laifi, amma ba su ne ƙofar shiga ba.

Emperor wata duniya ce. 'Yan yankin Telemark ne a Norwe, Ihsahn da Samoth suka kafa ta a 1991 suna samari ƙanana. In the Nightside Eclipse, wanda aka naɗa a situdiyon Grieghallen da ke Bergen ya kuma fito a 1994, shi ne kundin da kusan kowa ke nunawa idan aka ce ina wannan salo ya tsaya da ƙafarsa. A nan kibod hazo ne a bayan guguwa. Ganga gudu take, jita ta cika ko'ina, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinto karin da ke shawagi a sama. Bai kai minti 50 ba amma ya fi na Summoning gajiyar da mutum. Sauraron farko da wuya ka fahimci komai, a na biyar ne abubuwa ke fara rabuwa. Anthems to the Welkin at Dusk na 1997 ya fi shi tsari da wuyar kaɗawa. Idan abin da kake nema shi ne ka lumshe ido ka yi tafiya, Emperor ba za su bar ka ba. Idan kuwa tsawa da sanyi kake so, nan ne gidansu.

Akwai maganar da bai kamata mai ba da shawara ya ɓoye ba, tunda kuɗinka ne kuma gidanka za a shigo da abin. Baƙin metal na Norwe ya taso ne da gaba da addinin Kirista da kuma ambaton Shaiɗan. Waƙar da ta rufe kundin Emperor na 1994 yabon Shaiɗan ce tun daga sunanta. Samoth ya yi zaman gidan yari kan ƙona coci, mai gangarsu na lokacin, Faust, an ɗaure shi kan kisan wani mutum a Lillehammer a 1992. Dimmu Borgir, su ma 'yan Norwe, sun kashe kuɗi sosai kan sauti, har suka ɗauko ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turai ta birnin Prague ta yi musu kiɗa a Death Cult Armageddon na 2003. Sautin kam ya cika ɗaki kamar na babban fim, amma baitocin sukar addini ne, ba labarin dodanni da mayaƙa ba. Sannan kada sunan Tolkien ya ruɗe ka: Burzum da Gorgoroth, wasu masu baƙin metal na Norwe, duk daga littattafansa suka aro suna, amma mai Burzum, Varg Vikernes, an yanke masa shekara 21 kan kisan kai da ƙona coci-coci, kuma sanannen mai aƙidar wariyar launin fata ne. Kafin ka biya, buɗe baitocin ka karanta, kyauta ake samunsu. A wannan ma'auni Summoning sun fi kwanciyar hankali, labarinsu yaƙi ne da hasumiyoyi da kewar ƙasar da ta ɓace.

Bal-Sagoth, daga Sheffield a Ingila, su ne 'yan wasan kwaikwayon gidan. Mawaƙinsu Byron Roberts rabin lokaci ba waƙa yake ba, labari yake bayarwa da wata kakkaurar murya kamar mai gabatar da wasan rediyo, kibod kuma na tsalle yana busa kamar an ci yaƙi. Sunan ƙungiyar daga wani gajeren labari na Robert E. Howard aka samo shi, mutumin da ya ƙirƙiro jarumin labarin nan mai takobi, Conan, amma duniyar da suke waƙa a kai Roberts ne ya gina abarsa. Sunan waƙa ɗaya kan cinye layi biyu ko uku a bayan faifai. Kundi shida suka yi tsakanin 1995 da 2006, kuma Battle Magic na 1998 ne zan ce a fara da shi. Wasu na jin su su fashe da dariya, ni ma na yi, sannan na wayi gari ina bin karin da fito. Sai dai mai rauni a Turanci zai rasa rabin daɗin.

Wanda ya ƙoshi da Summoning yana neman ƙari, Caladan Brood ne amsarsa. Mutum biyu ne daga Salt Lake City a Amurka, kundi ɗaya suka fitar, Echoes of Battle, a 2013 ta hannun kamfanin Northern Silence na Jamus. Waƙa shida ce cikin sama da minti 70, an gina su kan jerin littattafan Malazan na Steven Erikson. Tafarkin Summoning suka bi ba ɓoye-ɓoye, amma sautinsu ya fi kauri kuma amshin maza ya fi yawa. Wanda kuma ƙarajin ne gaba ɗaya ba ya iya jurewa, ya nemi kundayen farko na Mortiis, tsohon ɗan Emperor, waɗanda kibod ne kusan zalla.

Saura ta wace hanya za a saya. Fara da sauraro a YouTube ko Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, ka ba kundi sati guda kafin ka yanke hukunci. In ya zauna maka, duba ko yana Bandcamp, inda ake biya a sauke ya zama naka ko da data ta ƙare. Lura da nauyi: kundin minti 70 a MP3 mafi inganci kusan megabayit 170 ne, a FLAC, wato tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, kuwa ya doshi rabin gigabayit, kuma a kan waya da ƙyar kunnenka zai raba su. Faifan CD daga Turai za a turo shi, kuma a abin da na gani kuɗin aikowa kan kamo kuɗin faifan, wani lokacin ya wuce, ga kuma wahalar katin banki da biyan kuɗin waje. Wanda ya cancanci wannan ɗawainiya shi ne Bal-Sagoth, domin ɗan littafin da ke cikin kwalin na ɗauke da labarin da ya zarce abin da aka rera. Faifan garmaho ya fi kowanne kyau a ido, bangon kamar hoton rataye, amma kundi mai tsawo faifai biyu yake zuwa, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, kuma zafi na lanƙwasa shi. Ka bar shi a mota wuni ɗaya a watan Afrilu, ka dawo ka tarar da faranti.

In kuwa kuɗin kaɗan ne, kada ka sayi kundi ko ɗaya tukuna, sayi abin saurare. Wannan kiɗa hawa-hawa ne, lasifikar waya kuma murƙushe shi take ya koma shuuu kamar rediyon da ta ɓace tasha. Hedfon mai rufe kunne gaba ɗaya, ko da mai waya ne mai araha, ya fi ƙaramin iyafis mai tsada da aka cika wa bugun ƙasa, domin yawan bugun na haɗiye kibod. Idan ka je shago, tafi da waƙa ɗaya ta Emperor a wayarka, ka roƙi mai shago ya bari ka gwada. Tsallaka zuwa tsakiyar waƙar inda komai ya rincaɓe. In kana iya bin kibod da kunne a wannan hargitsi, biya. In ba ka ji shi ba, ajiye ka ce a miƙo wani.