Mai gyaran da ya fara aunawa kafin ya ce a canza

Shekara shida talabijin ɗina mai inci 43 ya yi yana aiki bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Da matsalar ta zo ma, a hankali ta shigo. Da safe in an danna rimot, jar fitilar nan ta ƙasan allo sai ta ƙifta, a ji ƙas-ƙas daga bayansa, sai shiru. A dannawa ta uku ko ta huɗu ya kama, kuma in ya kama sai ya wuni lafiya ƙalau. Bayan wata biyu sai an danna sau goma. Daga nan ya fara mutuwa ana tsaka da kallo, har ranar da ya ƙi tashi sam, fitila na ta ƙiftawa, yara sun yi cirko-cirko a gabansa.

Mutum biyu suka duba shi. Na farkon ko minti biyar bai yi ba. Ya danna, ya saurara, ya ce babban bod, wato farantin lantarkin da ke sarrafa talabijin, shi ne ya tafi, sai an sayo sabo. Bai kwance ko kusa ɗaya ba, bai fito da mitar gwada wuta ba. Raina bai kwanta ba, na ce zan neme shi. Wannan sharhin a kan na biyun ne, wanda wani abokin aikina ya haɗa ni da shi.

Tun a waya na ga bambanci. Maimakon ya ce ga shi nan tafe, sai ya ce, “Maigida, kafin in zo in karɓi kuɗinka, bari mu gwada abin da ba ya cin ko sisi.” Ya sa na buɗe kyamarar wayata, na saita kan rimot a gabanta, na danna. Hasken da rimot ke aikawa idon mutum ba ya ganinsa, amma kyamara na kama shi. Na ga ɗan haske fari-fari yana walƙiya, wato rimot da batirinsa lafiya suke. Ya ce in wayar ba ta nuna ba, a gwada kyamarar gaba, don wasu wayoyin suna tace wannan hasken a ta baya. Ya sa na zare fulogi daga doguwar wayar da nake jona shi, na sa shi kai tsaye a soket ɗin bango. Ya sa na zare shi kuma, na danne makunnin jikin talabijin ɗin na daƙiƙa 30, na jira minti ɗaya, na mayar. Sannan na cire duk wayoyin HDMI, masu haɗa talabijin da dikoda da makamantanta.

Wannan na ƙarshen ban san dalilinsa ba sai da ya yi min bayani. Akwai tsarin da ake kira HDMI-CEC, wanda ke bai wa dikoda ko na’urar wasa damar kunna talabijin da kashe shi ta cikin wayar. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In dikoda ta yi barci, tana iya jan talabijin su tafi tare, mai gida ya ɗauka lalacewa ce. Ya kuma tambaye ni ko mutuwar tana da lokaci tsayayye. Talabijin da yawa suna kashe kansu in an yi awa 4 ba a taɓa rimot ba. Wata dokar Tarayyar Turai ta 2009 kan tsimin lantarki ce ta wajabta hakan, kuma ana kashe shi a cikin saiti. Nawa ba shi da lokaci, wani sa’in minti goma, wani sa’in awa biyu. Da duk gwajin nan bai tashe shi ba, sai ya ce, “To, yanzu ya zama nawa.”

Da ya zo, ya shimfiɗa bargo a kan tebur, ya kifa talabijin ɗin, ya jera kusoshin cikin murfin gwangwani don kada su ɓace. Ban taɓa ganin cikin talabijin na zamani ba. Kusan fili ne, sai bod uku: na wuta, wanda wayar soket ke shiga, da babban bod mai ramukan HDMI, da wani ɗan ƙarami da ke aika hoto zuwa allo. Na kai hannu zan nuna wani abu, ya riƙe min wuyan hannu. Ya nuna min wata ƙatuwar kafasita baƙa, wato abin da ke tara wuta a jikin bod, an rubuta 450V a jikinta. Ya ce wannan tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kuma tana iya yi wa mutum mummunan lahani. Sai da ya sauke wutar da ke cikinta, ya auna ya tabbatar, sannan ya ci gaba. Duk wanda ke tunanin buɗe nasa da kansa, ya san da wannan tukuna.

Daga nan sai mita. Fis lafiya. Ya jona wuta, ya ɗora tsinken mita a kan layin da aka rubuta 5V, wato ’yar wutar da ke raye kullum don talabijin ya ji kiran rimot. Lambar ta ƙi tsayawa: ta hau huɗu da ɗoriya, ta faɗo uku, ta sake hawa, kuma duk faɗowa sai a ji ƙas ɗin nan. Ya ce in matso. Kusa da wani ƙarfen alminiyam mai shan zafi akwai ƙananan kafasita jere, kamar gutsattsarin batir a tsaye. Kan kowacce a shafe yake, ban da biyu. Waɗannan sun kumbura, ɗaya ma ta tsage a saman, wani busasshen abu ruwan ƙasa ya fito. A jikinsu an rubuta 1000µF, 25V, 85°C.

Bayanin da ya yi a nan shi ne ya fi min komai daɗi, don ya warware min abin da ya yi wata da watanni yana ɗaure min kai: me ya sa da safe ne ya fi gardama? Cikin irin wannan kafasitar akwai ruwan sinadari, zafi yana busar da shi sannu a hankali. In ta tsufa, aikinta ya fi lalacewa lokacin da take da sanyi. In ta ɗan ɗumama sai ta farfaɗo. Ashe dannawa goman da muke yi ɗumama ta muke yi. Babban bod kuwa da aka ce ya tafi, lafiyarsa lau, wutar kirki ce ba ta isa gare shi. Ya sa sababbi masu ƙarfi ɗaya amma masu jure 105°C, ya ce a ƙa’idar masu wannan aikin, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwar kafasita. Ya narka dalma, ya zare, ya dasa, ya kula da ƙafar da ke da farin zane don ba a juya su. Da ya sake aunawa, mita ta tsaya cak a kan biyar.

Kafin ya rufe, ya goge ƙurar da ta toshe ramukan shan iska, ya ce in ɗan janye shi daga bango. Ya rage min hasken bayan allo daga 100 zuwa 60. Fitilun LED da ke bayan allo a jere aka haɗa su kamar sarƙa, in ɗaya ta ƙone duk layin ya mutu, a wasu talabijin ma bod ɗin wuta sai ya kashe komai don kare kansa. Ya koya min gane wannan: in akwai murya babu hoto, a haska tocila dab da allo a cikin duhu, in an ga hoto dishi-dishi, fitilun ne, allon bai mutu ba.

Akwai inda bai gamsar da ni ba. Ranar da ya ce zai zo bai zo ba, bai kuma kira ba, sai washegari. Bai zo da kafasitar ba, sai da ya fita ya dawo, aikin awa ɗaya ya cinye yini. Garantin wata uku da ya ba ni na baki ne, babu takarda. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sauran kafasita uku na layin. Na roƙe shi ya canza su duka tunda an riga an buɗe, shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya, kuma shi da kansa ya ce kafasita na iya mutuwa ba ta kumbura ba. Ya ce ya auna su, suna da sauran ƙarfi. Na yarda da mitarsa, amma har yau ina ganin da an canza su da hankalina ya fi kwanciya.

Duk da haka, in wani ya tambaye ni mai gyara, shi zan ba shi, kuma zan ce ya nemi a nuna masa abin da mita ta karanta da abin da aka cire. Wata huɗu ke nan da gyaran. Da safe dannawa ɗaya ake yi, a ji ƙas sau ɗaya, jar fitila ta ɗauke, hoto ya fito.