Ranar Lahadin da ƙofata ta rufe ni a waje a Hamburg

'Yan uwa da abokai na Kano sun sha tambayata yadda rayuwa take a Jamus, kuma galibin tambayoyin ba sa wuce farashin waya da na mota. Ni kuwa labarin da nake so in ba su shi ne na ƙofar gidana, da abin da ta jawo mini wata ranar Lahadi a watan Janairu.

Ƙofofin gidajen haya a nan ba su da mariƙin da ake murɗawa ta waje, sai wani dunƙulen ƙarfe da ba ya juyawa, saboda haka da zarar ƙofa ta koma ta rufe, babu abin da zai buɗe ta sai makulli. Na fito bayan la'asar domin in kai shara ƙasa, daga ni sai jallabiya da silifas, sai iskar da ta shigo ta tagar kicin ta turo ƙofar, na ji ƙarar rufewarta ina tsakiyar matakala. Makullin yana rataye a ƙusa ta ciki. Ƙarfe biyar ba ta yi ba amma gari ya riga ya yi duhu, kamar yadda yake yi a hunturun arewacin Jamus, sanyi kuma yana ratsa ƙashi. Allah ya taimake ni wayata tana cikin aljihu.

Na kira mai kula da ginin, wanda suke ce wa Hausmeister, na'ura ta amsa cewa ofis sai Litinin. Na ƙwanƙwasa ƙofofi uku ba a buɗe ba. A ta huɗu, wata dattijuwa da muka shekara muna gaisawa a matakala ta buɗe gwargwadon tsawon sarƙar ƙofarta, ta saurari Jamusancina mai gargada, ta rubuta mini lambar masu buɗe ƙofa a guntuwar takarda, ta miƙo mini, ta rufe. Ba ta ci mini mutunci ba, kuma na san tsohuwa mai zaman kaɗaici tana da dalilin yin hattara, amma tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin ɗacin baƙunta kamar a wannan lokacin ba. Da a unguwarmu ta Fagge ne, kafin in gama bayani an shimfiɗa mini tabarma a zaure, an tura yaro ya kirawo kafinta, wani kuma ya riga ya jingina tsani a katanga.

Mai buɗe ƙofar ya ce zai iso cikin minti arba'in, kuma cikin minti arba'in ɗin ya iso. Ya faɗa mini kuɗin kafin ya taɓa komai, sannan ya zura wani siririn faifai a tsagar ƙofar daidai wurin makulli, ya girgiza ta sau biyu, sai ga ta a buɗe. Aikin bai ɗauki minti biyu ba. Ya nemi in nuna takardar da ke tabbatar da cewa gidana ne, ya rubuta rasit na Yuro 210, an fayyace komai a ciki: kuɗin zuwa, kuɗin aiki, ƙarin aikin Lahadi, da harajin kashi 19 cikin ɗari. Kuɗin ya kusa kai abin da nake kashewa a cefanen wata guda, kuma na kwana ina juya wannan rasit a raina.

Daga wannan dare na fahimci cewa a ƙasar nan kaya suna da araha, hannun mutum da lokacinsa su ne masu tsada. Tun shekarar 2015 doka ta tsaida mafi ƙarancin albashi, aka fara da Yuro 8.50 a awa, ya kai 12.82 a shekarar 2025. Da ladan awa ɗaya, mai shara ko mai wanke-wanke zai shiga Aldi ko Lidl ya fito da madara da biredi da taliya da mai da ƙwai. Amma ya je a rage masa tsawon wando ko a liƙe masa takalmi, sai ya tarar kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sabo. Lokacin da injin wankina ya daina zubar da ruwa, an gaya mini cewa zuwan mai gyara kaɗai, ya duba ya faɗi abin da ya lalace, yana da kuɗinsa, kuma ba zai samu zuwa ba sai bayan kwana goma sha biyu. Wannan ne ya sa mutane ke fitar da firji da talabijin masu sauran amfani. Duk wanda ya bi ta titin Billstraße a nan Hamburg zai ga irin waɗannan kaya jibge, ana loda su domin kai wa Afirka ta Yamma, inda wani ƙwararre a Sabon Gari zai sa wa firjin gas, ya canja masa waya, ya ƙara masa shekaru.

Ita kanta Lahadin abin haushi ce ga baƙo. Tsarin mulkin ƙasar ya kare ta a matsayin ranar hutu, don haka kantuna a rufe suke, in ban da na tashar jirgin ƙasa da gidajen mai da wasu gidajen biredi. Wanda ya manta bai sayi albasa ranar Asabar ba, sai ya tafi babbar tasha ya bi layi mai tsawo. Ba a huda bango, ba a jefa kwalabe a mazubinsu saboda ƙara. Sauran ranakun kuma komai sai da alƙawarin lokaci da suke kira Termin, daga ganin likita har zuwa rajistar adireshi, amsa kuma ta akwatin gidan waya take zuwa. Na yi kewar mai shayin bakin layinmu da mai kantin da ake tasa da dare ya ba da sukari bashi.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Dutsen gugar da na saya ya mutu bayan wata goma sha huɗu, na mai da shi kantin tare da rasit, aka ba ni sabo ba tare da musu ba, domin doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin kaya har tsawon shekara biyu. A gida ana jona kayan a gabanka, ya kawo wuta, a ce an saya an sayar. Idan ka dawo da shi washegari sai a ce wutar unguwarku ce ta ƙona shi.

A nan ne raina yake ɓaci da halinmu. Muna da masu fasahar hannu da ba su gaza na ko'ina ba, amma tela zai karɓi ɗinki tun farkon azumi ya ɓuya daren Salla, mai gyaran famfo zai ce ga shi nan tafe a kwana uku ba a gan shi ba, kuma mun mai da "in sha Allahu" mafakar saɓa alƙawari, abin da ya kamata mu ji tsoronsa. Mu masu ba da aikin ma muna da namu laifin, domin mukan taya aikin yini guda da kuɗin da bai isa abincin rana ba, sannan mu ce a dawo gobe a karɓi ciko. Yaro a Jamus yakan yi kimanin shekara uku yana koyon sana'a, tsakanin wurin aiki da makaranta, ana biyansa, ya fita da takardar shaida da kowa ke girmamawa. Namu yaron sai ya shafe shekaru a garejin ubangidansa ya fita ba shi da ko takarda ɗaya, mu kuma mu riƙa kiransa ɗan gyara kamar ba sana'a ya iya ba.

Washegarin waccan Lahadin na nemi a yanka mini makulli na biyu, aka ce irin nawa ba a yanka shi sai da izinin mai gida, aka ɗauki mako uku kafin ya fito. Da na karɓo shi, na sauka hawa na biyu na roƙi dattijuwar nan ta ajiye mini. Wannan karon ta cire sarƙar, ta sa makullin a ambulan, ta tambaye ni yadda ake rubuta sunana, ta rubuta harafi bayan harafi. Sannan ta ce a watan Afrilu za ta je wurin 'yarta na mako biyu, ko zan iya riƙa ba furanninta ruwa.