Yankari ko Sumu: ina za a kai ɗalibai?

Malamin da ke son ɗalibai su ga dabbobi ido da ido cikin yini guda, Sumu, gandun namun daji da ke Ganjuwa a jihar Bauchi, ta fi masa sauƙi. Raƙumin dawa da jakin dawa suna nan a fili, sai dai baƙi ne, daga Namibiya aka kawo su a 2006.

Yankari kuwa, da aka keɓe tun 1956 a Alkaleri, dawa ce ta asali: giwa, ɓauna, gwanki, dorina a kogin Gaji, ga tsuntsaye sama da iri 350. Wanda zai koyar da rabe-raben halittu, nan ne ajinsa. Amma fa giwa ba ta alƙawari, kana iya wuni ba ka gan ta ba. Ni dai Yankari zan kai su, da rani, lokacin da ƙishirwa ke tara dabbobi a bakin kogi.