Mataimakin AI a buronmu na Maradi: abin da na gani

Ni kwantabul ne wurin wani Alhaji mai saye da sayar da wake, aya da riɗi a nan Maradi, kuma duk mai irin aikin ga ya san wahalarshi ba lissafi ba ne kaɗai, harshe ne. Takardun duwan da na lanho da na banki duk Faransanci ne, abokan cinikinmu na Kano da Legas wasunsu Turanci suke turowa ta WhatsApp, shi kuma Alhaji Hausa yake so a yi mashi bayani, a taƙaice. To a nan mataimakin AI ɗin ga, wato manhajar da kake rubuta ma tambaya ta ba ka amsa kamar mutum, ya shigo man aiki, kuma wallahi ban yi nadamar farawa da wuri ba, shawarata ga masu irin aikina ita ce su fara tun yanzu.

ChatGPT ya fito ƙarshen Nuwamban 2022, daga baya su Gemini da Meta AI suka biyo, duk tafiyar ɗaya ce, ka rubuta abin da kake so ya ba ka amsa. Na ɗauki guda na riƙe, na kyauta, a waya da ordinater ɗin buro. Na kuɗi akwai, ChatGPT misali dala 20 ta Amurka ne a wata, amma aikinmu na kyautar ma ya wadatar.

Ga misali. Wani kwastoma ya turo doguwar magana cikin Turanci, rai ɓace, wai buhunan waken da suka isa akwai gunda ciki, a rage mashi kuɗi. Da can sai mun jira yaron da ya yi karatu a Katsina ya dawo daga mangaza. Wannan karon na kwafa na saka, ya fassara man, na karanta ma Alhaji, ya ce a gaya ma kwastoman ya duba lambar buhunan tukuna don namu duk da tambari suke, na faɗa ma abin haka na ce ya rubuta cikin ladabi amma kar ya amsa laifi, kafin Alhaji ya gama shayinshi amsa ta tafi. Haka wasiƙun Faransanci, duk salon girmamawar nan na ƙarshen takarda da ke cin lokaci, yanzu gyara kawai nake.

A aikin Excel ma, manhajar lissafi ta ordinater, abin ya taimake ni sosai. Canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya, na ce ya yi man tsari inda zan sa canjin ranar a gida ɗaya duk sauran layukan su bi, ya yi, har ya bayyana man yadda abin ke aiki.

Amma fa kar wanda ya ruɗe ku, yana zuba ƙarya ido buɗe. Na sa shi lissafin faktir ya ɗora TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, kashi 18, alhali tamu ta Nijar 19 ce, 18 ta su Mali da Sanagal ce, kuma ya faɗe ta da gadara kamar daga Yamai aka turo shi. Hausarshi ma sai a hankali, wani lokaci kalmomin daidai ne amma ba mai magana haka a kasuwa. Idan rezo ya ɗauke ko wuta ta tafi kuwa shi ke nan. Sannan ni ba na saka mashi lambar NIF, wato lambarmu ta wurin lanho, ko sunan masu bashi, ko asusun banki, sirrin Alhaji amana ne.

To abin da ya sa nake cewa a fara tun yanzu ke nan. Ba a koyon abin ga rana ɗaya, sai ka daɗe da shi ka san inda yake da ƙarfi da inda yake tuntuɓe, kamar sabon yaron shago ne mai kaifin kai wanda bai san gari ba. Ni yanzu na san ban barin lambar da ya ba ni ba tare da na bi ta da kalkuleta ba, na san dokar haraji sai na duba takardar hukuma, kuma na tara umarnin da na saba ba shi cikin fayil guda, kullum ɗauka kawai nake. Wanda zai fara baɗi duk sai ya bi ta nan, lokacin kuma aiki ya riga ya yi mashi yawa.

Wasu abokan aiki na tsoron zai ci gurbinsu. Abin da na gani a buronmu dai, yarinyar da ta zo sitaj daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ita ta fi kowa iya tambayarshi, kuma ita Alhaji ya ce a riƙe. Yanzu haka ita ke nuna ma mai mangaza yadda zai ɗauki hoton littafin shigar kaya abin ya mayar da shi tebur, duk da rubutun hannun malam ɗin har gobe yana ba abin wahala.